Jif ɗin da birkin hannunta na lantarki ya ƙi saki

## Motar da mai ita

Motar jif ce mai giyar otomatik, mai ja da tayoyi huɗu, ta kai shekara takwas tana aiki, kuma tana cikin irin motocin nan na yanzu da ba su da sandar birkin hannu a tsakanin kujeru, sai ɗan botin kawai mai harafin P a cikin da'ira kusa da giya. Mai ita ma'aikacin ofis ne, ya saye ta hannu na biyu, littafin motar ma ba a haɗa masa da shi ba, shi dai abin da ya sani shi ne in ya tsaya ya ja botin sama, in zai tashi ya taka birki ya danna shi ƙasa, shikenan. Batirin da ke ciki shi ne wanda ya tarar tun ranar da ya saye ta, kuma bisa tambarin da ke jikinsa ya haura shekara huɗu.

Shi wannan birki na botin ba sabon abu ba ne sosai, BMW ta fito da shi a 7 Series ta 2001, kuma iri biyu ne ake samu. Akwai wanda moto, wato ƙaramin injin lantarki, guda ɗaya ne a ƙarƙashin mota yake jan kebul zuwa tayoyin baya, wato aikin da hannun direba yake yi a da shi moton ya karɓa. Sai na biyu wanda ya bayyana a Audi A8 jim kaɗan bayan haka kuma shi ya fi yawa yanzu, inda kowace tayar baya tana da nata ƙaramin moto ɗaure a bayan kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki. In ka ja botin, kwamfutar birkin ta tura wa moton wuta, moton ya juya wani sukuru da ke cikin fistin, sukurun ya tura fistin, fad, wato takalmin birki, ya matse faifai. Daga nan ko an kashe mota ko an cire batir gaba ɗaya ba zai saki ba, sabida zaren sukurun ba ya komawa baya da kansa, sai an sake ba moton wuta ya juya ta ɗaya ɓangaren, ko a cire moton a juya sukurun da hannu. Motar da muke magana a kai irin ta biyun ce.

A ƙa'ida kafin ya saki akwai abubuwan da kwamfutar take so ta gani. Mota a kunne, ko a ƙalla makulli a buɗe dashbod ya kawo wuta, ƙafa a kan birki, sannan a danna botin. A yawancin motoci ja sama shi ne kamawa, danna ƙasa shi ne saki, amma akwai waɗanda nasu a juye yake. Akwai kuma sakin da yake yi da kansa, in injin na aiki, ƙofar direba a rufe, an ɗaura bel, giya tana D ko R, da ka taka totur sai ya saki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, wata motar ba za ta sake maka ba ko da komai nata lafiya yake.

## Kafin matsalar ta fito

Ranar ƙarshe da ya hau ta an yi ruwan sama mai ƙarfi, ya ratsa wani wuri da ruwa ya kwanta, a cewarsa ya kai wajen tsakiyar taya. Ya iso gida ya faka ta a kan siminti a fili, ya ja birkin hannu kamar kullum, washegari ya yi tafiyar aiki da ta ɗauke shi kusan sati shida. Ba wanda ya tayar da ita a tsawon lokacin.

Da aka matsa masa da tambaya daga baya sai ya tuna cewa watanni kafin nan wata fitila mai ruwan ɗorawa ta birkin hannu takan kawo jefi-jefi, musamman bayan ya bi hanya mai gargada, amma da ya kashe mota ya sake tayarwa sai ta ɗauke, don haka bai ɗauke ta da muhimmanci ba.

## Litinin da safe

Ya danna botin tayarwa, kik ya yi ƙas ƙas ƙas, fitilun dashbod suka dushe, injin bai juya ba. Ya taka birki ya danna botin birkin hannu, shiru. Maƙwabcinsa ya kawo tasa motar da wayoyin jona batir, aka jona, aka bar ta ta ɗan sha wuta na wasu mintuna, injin ya tashi. Ba wanda ya auna batirin a lokacin tunda babu mita a hannu.

Ya sake taka birki ya danna botin. Wannan karon an ji ƙarar moto daga baya, irin zuuu ɗin nan na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, amma jar fitilar P maimakon ta ɗauke sai ta fara ƙyaftawa, mai ruwan ɗorawar ma ta kawo ta zauna, ga rubutu a dashbod cewa akwai matsala a birkin fakin. Ya ja ya danna, ya ja ya danna, har ta kai botin ya daina amsawa gaba ɗaya na ɗan lokaci, wanda wannan dama haka motoci da yawa suke yi, in an cika kunnawa da kashewa a jere kwamfutar takan dakatar da moton don kar ya yi zafi ya ƙone.

Sai ya gwada sakin totur. Bel a ɗaure, ƙofa a rufe, giya a D, ya taka. Motar ta yi nishi, bayanta ya ɗan durƙusa ta gefen hagu, sannan ta fara tafiya da ƙyar kamar ana riƙe da ita. Maƙwabcin ya ce masa, "Alhaji ai tsatsa ce kawai ta manne fad da faifai tunda ta sha ruwa ta kwana, ka ɗan ja ta, da ta yi ɗumi za ka ji ta yi gaf ta saki." Ya ja ta wajen kilomita ɗaya. Ba ta saki ba, sai wari irin na ƙonewa da ya cika motar, da ya sauka ya kai hannu kusa da tayar baya ta hagu zafin da ke fitowa daga rim ɗin bai bar shi ya taɓa ba, ta dama kuwa sanyi ƙalau. Ya juyo da ita gida a haka, kenan wani kilomita ɗayan.

## Litinin da yamma

Abubuwa uku aka gwada, duk a tsakar gida. Na farko cire kan batir na negatif na minti goma sha biyar, wai don kwamfuta ta manta ta dawo daidai. Da aka mayar motar ma ba ta tashi ba sai da aka sake jona ta, agogo ya goge, gilasan ƙofa suka daina hawa da dannawa ɗaya, birkin kuwa yana nan yadda yake. Na biyu duba fiyus, aka buɗe akwatin bonet da na cikin mota aka ciro waɗanda murfin ya nuna na birkin fakin ne, duk lafiyarsu ƙalau.

Na uku shi ne guduma. Wani yaron maƙwabta da ya taɓa zaman gareji ya kwanta a gefen taya ya dinga bugun kalifar ta baya, da nufin in tsatsa ce ta ɓalle. Ɗaya daga cikin bugun ya sauka a kan moton, wanda gidansa na roba ne mai tauri, ya tsage a gefe. Tayar ba ta saki ba.

An yi maganar kiran janwe, sai dai mota mai ja da tayoyi huɗu ba a ɗaga gabanta a ja ta da tayoyin baya a ƙasa, ballantana ɗaya a kulle, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗaukar mota, kuma ko hawa da ita kan motar ma jan tayar za a yi a ƙasa. Aka bar maganar, aka ce a kira makanike ya zo gida.

## Talata: makanike na farko

Shi wannan makaniken ya san hannunsa a aikin ƙarfe, kuma yadda ya saki tayar ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla tunda shi ne abin da mutane suka fi tambaya.

Ya sa giya a P, ya kashe motar, ya ce a tafi da makullin cikin gida kar wani ya taɓa botin hannunsa na ciki. Ya sa weji gaba da bayan tayoyin gaba duka biyu, don da zarar birkin baya ya saki babu abin da ya rage yana riƙe da motar sai ɗan ƙarfen P na cikin giya. Ya sassauta notunan taya, ya ɗaga da jak, ya tokare da ƙafar ƙarfe, ya cire tayar. A bayan kalifa ya zare soket ɗin moton mai ƙafa biyu, ya kwance sukurori biyu masu kan tauraro da ke riƙe da moton, ya ɗan jijjiga shi ya zaro shi tare da zoben robar da ke hana ruwa shiga. A nan sai ga kan sukurun fistin ya bayyana, ya sa makullin da ya dace da shi ya juya ta hannun agogo, wajen zagaye ɗaya, faifan ya fara juyawa da hannu. A irin wannan kalifar ta hannun agogo ake juyawa a saki, amma ba duka motoci ne haka ba, shi ya sa ake juyawa a hankali ana taɓa faifan, in ka ji yana ƙara tauri to ka juya ba daidai ba. Kuma ba a ci gaba da murɗawa har ƙarshe, da faifai ya juya an gama.

Gaba ɗaya aikin bai kai minti arba'in ba. Faifan ya yi shuɗi-shuɗi, fuskar fad ɗin ta yi sheƙi kamar gilashi.

Daga nan ya kalli moton da ya tsage ya yanke hukunci nan take. "Yallaɓai moton ne ya mutu, ruwa ya shige shi ta nan." An gaya masa cewa tsagewar ta jiya ce, ta guduma, bayan matsalar ta riga ta fara, ya ce ko ma dai yaya ne moton da ya tsage ba ya komawa mota, wanda a nan gaskiyarsa ce. Ya je ya samo wani na hannu na biyu, ya ɗaura, ya mayar da soket, motar tana kan jak tayar hagu a rataye aka jona batir aka tayar, aka ja botin, zuuu ta ɓangarorin biyu, aka danna, zuuu, jar fitila ta ɗauke. Aka maimaita ya sake yi daidai. Aka mayar da taya aka sauke motar. Fitila mai ruwan ɗorawa ta ɗauke bayan an kashe an sake tayarwa. Ya ce a yi ta yawo da motar batirin zai cika da kansa, fad ɗin kuma a canza shi in an samu lokaci.

Bai gwada tsohon moton ba, bai auna batir ba, ba a sa kwamfutar duba mota ba.

## Laraba da Alhamis

Laraba motar ta yi aiki, sai dai da safe kik ɗin ya yi nauyi kafin ya tayar, kuma in ya taka birki a guje yana jin feda tana ɗan bugun ƙafarsa. Alhamis da rana ya ɗauko mutane da kaya a but, ya tsaya a wani wurin faka motoci mai ɗan gangara, ya ja birki, kowa ya sauka aka sauke kayan. Da ya dawo bayan awa biyu, injin ya tashi, ya danna botin, jar fitila ta fara ƙyaftawa. Wannan karon ya sauke gilas ya saurara, ƙarar daga dama kaɗai take fitowa, hagu shiru.

Bai ja ta ba. Ya kira makaniken, makaniken ya ce wataƙila moton da aka sayar masa ne mara kyau, zai mayar a canzo wani. Mai motar ya ce a'a, a dai zo a sakar masa tayar, daga nan zai kai ta wajen rewaya. A kan gangarar aikin ya fi haɗari, sai da aka juya sitiyari tayoyin gaba suka tokari dakalin gefen hanya, aka ƙara weji, sannan aka maimaita abin da aka yi ranar Talata. An bar soket ɗin hagu a cire an naɗe shi da leda don kar moton ya sake kamawa a hanya, aka tafi a hankali.

## Juma'a: wajen rewaya

Rewayan bai taɓa taya ba da farko. Ya tambayi yadda abin ya faro, ya tambaya ko fitilar ta taɓa kawowa kafin wannan satin, a nan ne maganar hanya mai gargada ta fito. Sannan ya ce wa yaronsa ya taka birki, shi ya tsaya a baya ya ga fitilun birki sun kawo. Dalilin wannan shi ne akwai ɗan suwic a saman fedar birki wanda shi ke gaya wa kwamfuta cewa ƙafa na kan birki, in ya lalace to birkin hannu ba zai saki da botin ba, sau da yawa giya ma ba za ta fita daga P ba. Na wannan motar lafiya yake, dama tunda dama tana saki ba a sa ran shi ne ba, amma dubawar ba ta cin ko minti ɗaya.

Sai batir. Motar ta huta wajen awa ɗaya a kashe, mita ta nuna volt 12.1. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna wajen 12.6, in ya sauko 12.2 to kusan rabi ne ya rage. Da aka sa masa na'urar gwajin nauyi sai ya faɗi ƙasa da 9.6, wanda shi ne iyakar da ake so batir ya riƙe na daƙiƙa 15. Injin na aiki kuwa mita ta nuna 14.2, kenan altaneta na caji yadda ya kamata, batirin ne ya daina riƙewa.

Da aka jona kwamfutar duba mota an samu kod, wato lambar da kwamfutar mota ke ajiyewa in ta ga matsala, iri biyu a sashen birkin fakin, ɗaya na ƙarancin wuta, ɗaya kuma yana cewa layin moton hagu a yanke yake, kuma yana zuwa yana tafiya. Shi kod bai ce moto ya mutu ba, cewa ya yi layin ya katse, kuma layin ya haɗa da moton da soket da waya har zuwa kwamfutar. Don haka ya karɓi tsohon moton mai tsagewa da ke cikin but, ya ɗora a kan tebur, ya taɓa masa wuta daga wani batir, ya juya, ya sauya wayoyin, ya juya ta ɗaya ɓangaren. Na hannu na biyun ma haka. Moton biyu duka suna aiki.

Saura waya. Ya cire soket ta ɓangaren kwamfuta da ta ɓangaren taya, ya sa mita a ma'aunin nan mai ƙara, wayoyin biyu duka suka yi ƙara alamar a haɗe suke. Yaronsa ya ce, "Oga to ai wayar lafiya take, kwamfutar ce kenan." Rewayan ya ce mita ba ta jan wuta, ko silin tagulla ɗaya ne ya rage a cikin waya za ta yi maka ƙara, shi kuwa moton birki lokacin da yake matsewa ko yake ƙoƙarin ɓallewa amfiya da yawa yake ja. Sai ya ɗauko ƙwan fitilar gaba mai wat 55, wanda ke jan amfiya huɗu da ɗoriya, ya bi da wutar ta cikin kowace waya ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ƙwan ya haska tar. Ta biyu ya kawo ja-ja, da yaron ya kama damin wayar yana lanƙwasawa a hankali daga kalifa zuwa sama, yana zuwa daidai inda ta ratsa kusa da hannun sasfenshan sai ƙwan ya mutu, ya saki ya dawo.

A wurin, ɗan maƙalin robar da ke riƙe da wayar ya karye tun ba yau ba, wayar ta kwanta a jikin ƙarfe tana gogawa duk lokacin da taya ta hau ta sauka. Rigar ta huje ta ƙasa inda ido ba ya gani. Da aka yanka aka buɗe, tagullar ta zama kore, tana marmashewa, sili biyu ko uku ne kawai suke a haɗe, su ma a kan gargara.

Wannan ne ya bayyana abin da ya faru ranar Talata. Mota na kan jak taya a rataye, wayar ta canza kwanciya, bakunan silin da suka karye suka haɗu, kowane moto aka sa a lokacin zai yi aiki. Ranar Alhamis kuma birkin ya kama lokacin da motar ke danne da nauyi, da aka sauke mutane da kaya bayanta ya ɗago, wayar ta motsa, layin ya katse, moton yana matse ba hanyar da wuta za ta kai masa.

## Juma'a da yamma zuwa Asabar: gyaran

Ba a yi ɗaurin tef ba. An yanke wayar tun daga inda tagulla take da haske, aka sa sabon guntu mai kauri ɗaya da na asali tare da sabon soket, aka yi haɗin a can sama inda ba ya lanƙwasawa, aka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi mai gam a ciki, aka mayar da ita kan hanyarta da sabon maƙali, aka bar mata ɗan sassauci yadda ko taya ta sauka har ƙarshe ba za ta ja ta ba. An duba ta dama, maƙalinta na nan, rigarta ba ta goge ba.

Aka sa sabon batir mai girma da ƙarfi irin wanda motar ke buƙata. Wasu motocin in an canza batir sai an shigar wa kwamfuta cewa an sa sabo don ta daidaita caji, wannan ma an yi mata.

Sai ɓarnar kilomita biyun nan. Faifan hagu ya ƙone, da aka auna shi yana juyawa an ga ba ya tafiya daidai, shi ne bugun da ake ji a feda. An canza faifai biyu da fad na baya duka, tunda ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Kafin a cire fad sai da aka sa birkin a yanayin gyara ta kwamfuta, moton hagu da na dama suka janye sukurorin har ƙarshe, sannan aka tura fistin a miƙe. Wanda ya sa ƙarfi ya matse fistin irin wannan ba tare da sukurun ya janye ba, zaren zai lalata, ƙarshenta sai sabuwar kalifa. Robar ƙurar fistin ɗin hagu ta ƙeƙashe da zafi, ita ma an canza. Man birki an zubar an sa sabo, sabida ba wanda ya san yaushe rabon a canza shi, kuma shi DOT 4 sabo yana jure a ƙalla digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi yana iya saukowa wajen 155, ga shi kuma an gasa na gefen hagu.

Bayan an haɗa komai aka taka feda sau da yawa har ta yi tauri, aka fitar da birkin daga yanayin gyara, aka yi masa saitin farko inda kwamfutar ke kamawa da saki don ta san inda sabon fad ya tsaya, aka goge kod. An bar moton hannu na biyun a jiki tunda gidansa bai tsage ba, da sabon zoben roba. Gwaji an yi shi motar na ƙasa, wayam da kuma da mutane a baya, sannan a kan gangara giya a N ƙafa a sama, ta tsaya cak. Sakin totur ma ya dawo. Da aka sake sa kwamfuta bayan wata ɗaya babu kod ko ɗaya.

## Abin da na gani a lamarin

Matsala biyu ce ta haɗu, ta farkon ta rufe ta biyun. Batir ya mutu da gaske, kuma mataccen batir shi ne ya fi yawan hana irin wannan birki saki, don haka jona ta da aka yi daidai ne, in da wayar lafiya take da a nan maganar ta ƙare. Amma daga lokacin da injin ya tashi aka ji ƙarar moto ga jar fitila na ƙyaftawa, to magana ta bar kan batir. Da a ce mutum ɗaya ya tsaya a bayan motar ya saurara tun ranar Litinin, da an san gefe ɗaya ne, kuma gefe ɗaya yana fitar da botin da suwic ɗin feda da bel da ƙofa daga lissafi, tunda su in suka samu matsala duka biyun ne za su ƙi.

Maganar maƙwabci ta tsatsa ba shirme ba ce, tana faruwa sosai ga motar da aka faka a jiƙe ta daɗe. Bambancin shi ne in tsatsa ce, moton hagu da na dama duka za su yi ƙara, jar fitila ta ɗauke, dashbod ba zai yi ƙorafi ba, kuma a mita ɗaya ko biyu na farko za ta ɓalle. Wadda ta wuce haka tana turjewa ba tsatsa ba ce. Jan da aka yi mata shi ya jawo canjin faifai da fad da robar fistin, guduma ta ci moto, asalin ciwon kuwa guntun waya ne da maƙalin roba.

Makanike na farko ni ban ga laifinsa a sakin tayar ba, ya yi shi da tsafta kuma cikin kiyayewa. Inda ya gaza shi ne moton da ya cire yana hannunsa, ga batir ga waya a gefensa, gwajin minti biyu zai nuna masa cewa yana aiki, kuma gwajin da ya yi a kan jak kaɗai bai isa ba ga abin da wayarsa ke motsi tare da taya. Shawarar a yi ta yawo batir zai cika ita ma ba ta da amfani ga batirin da ya riga ya daina riƙe caji.

Mai motar ya sauke littafinta daga intanet, a ciki ya tarar motarsa ba ta da igiyar sakin gaggawa, irin wadda ake samu a wasu masu kebul a ƙarƙashin akwatin tsakiya ko a cikin but, tasa sai dai wuta ko a cire moto. Ya kuma ga yadda ake hana birkin kamawa lokacin kashe mota. Yanzu in zai yi doguwar tafiya yana faka ta a wuri mai daidai, giya a P, weji a taya, birkin hannu a sake, batirin kuma a jone da ƙaramar cajar nan da ake bari a jiki.